Baba Azariya da Duniyoyi Tara

Ban taɓa zaton aurena sai ya biyo ta sararin sama kafin ya iso gidanmu a Nok ba. A 1989 ne, ina da shekara ashirin da bakwai, ina da shagon ɗinki a Kafanchan kusa da tashar jirgi, keke biyu da almakashi mai kaifi, kuma ba wanda ya isa ya ce Roseline ba ta san abin da take so ba. Abin da nake so shi ne Chigozie, malamin kimiyya a wata sakandare a cikin gari. Wando ya fara kawo mini in rage masa tsawo. Ya sake kawo wani wanda ba abin da ya same shi. A na ukun na ce masa ya daina wahalar da wandunansa ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya kuwa faɗa.

Iyayensa mutanen reluwe ne. Mahaifinsa, Papa Dozie, ya shekara talatin da biyu yana ba jiragen ƙasa hannu a mahaɗar Kafanchan, mutum ne da ko gaisuwa zai yi sai ya duba agogo. A kwatas ɗin reluwe aka haifi Chigozie, Hausarsa ma ta fi tawa gudu. Da ya kai musu zancena sai suka yi abin da Ibo suka saba, suka tura a bincika gidanmu, ko akwai sata ko hauka ko farfaɗiya a jininmu. Cikin mako biyu suka gama suka ce sun gamsu. Saura namu binciken, don mu ma ba ma karɓar kayan gaisuwa daga hannun mutum sai mun san irin gidan da ya fito.

A nan Anti Hellen ta faɗo cikin maganar. Matar wani kawuna ce, tana sayar da busasshiyar citta, kuma in ta ga abu da ido biyu, kafin ta iso gida ya zama da ido huɗu ta gan shi. Wata Asabar ta kawo citta Kafanchan, ta hangi Chigozie a gefen layin dogo, da farar riga da taye, shi kaɗai, yana tafiya yana ƙirga takunsa da ƙarfi. Ta bi shi daga nesa. Ya wuce gidajen ƙarshe na gari, ya durƙusa, ya ciro ƙwayar acca guda ɗaya daga cikin takarda, ya ɗora ta a kan dutse, ya miƙe yana murmushi. Anti ta ƙarasa ta ce, "Ticha, lafiya?" Shi kuma bawan Allah, maimakon ya ce lafiya ya kama gabansa, sai ya nuna mata ƙwayar ya ce wannan duniya ce, amma sanyinta ya yi yawa, da wuya a sami mutane a cikinta, sai dai ko a waɗanda ya baro a baya. Kafin rana ta faɗi labari ya gama Nok cewa saurayin Roseline kansa ya taɓu, yana neman mutane a cikin acca.

Gaskiyar maganar ba ta da wuya. A shekarar ne rediyo ta yi ta ba da labarin wani kumbo da ya wuce ta gefen wata duniya mai nisa da ake kira Neftun, ɗalibai suka hana Chigozie sakat da tambaya ko akwai mutane a can. Sai ya ce to, kowace Laraba bayan an tashi, kulob ɗin kimiyya zai ɗauki duniya ɗaya daga cikin tara da ke zagaya rana, mako tara ke nan. Don su gane nisan, ya ajiye kabewa a ƙofar makaranta a matsayin rana, ƙwayar dawa taku arba'in daga nan ita ce duniyarmu, ƙwayar acca kuma can bayan gari ita ce ta ƙarshe. Gwaji yake yi ranar da Anti ta gan shi.

Na je gida na yi wannan bayanin har muryata ta dishe. Babana Meshak ya saurara. Tsohon hedimasta ne na firamare, dattijon ikilisiya kuma, ya san duniya tana zagaya rana, shi ya koya mini ma. Amma ya ce sanin abu daban, babban mutum ya durƙusa wa acca a bakin hanya daban. Ya ce za a tura yayansa, Baba Azariya, ya je ya dubo yaron da idonsa.

Da na ji haka sai hankalina ya ɗan kwanta. Baba Azariya manomin citta ne, ya ba sittin da biyar baya, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ba a taɓa cin sa da wayo ba. Aure goma sha ɗaya ya bincika a danginmu, ya hana uku, ukun nan kuwa daga baya kowa ya gode masa. Ba ya son dogon zance. Yakan je ya zauna ya kalli mutum wuni ɗaya, ya dawo ya ce a karɓa ko kada a karɓa, shi ke nan. Na san wuni ɗaya ya ishe shi ya gane Chigozie ba abin da ke damunsa sai yawan gaskiya.

Sauri nake yi kuma da dalili. Takardar ritayar Papa Dozie ta fito, an ce ya bar gidan reluwe. Ya kira ni ya zaunar da ni a falonsa, ya duba agogo, ya ce, "Roseline, ni ina son ka, Mama ma yana son ka. Amma ranan sha takwas ga Nuwamba mun shiga jirgi. In gidanku bai ba ni amsa kafin wannan rana ba, ba zan dawo daga Enugu in tsaya a ƙofan mutum ana duba kan yarona kamar akuya a kasuwa ba." Ba faɗa ya yi ba, sanarwa ce. Chigozie kuwa ɗan fari ne, ba zai yi aure ba tare da hannun ubansa ba, na kuma san mahaifiyarsa Mama Uzoamaka tana da ƙanwa a gida da ke riƙe da sunayen 'yan mata har biyar. Na kai wa babana ranar, ya sha mur ya ce gidan Meshak ba tashar jirgi ba ne, ba a yanka masa lokaci.

Larabar farko ta Oktoba Baba Azariya ya saka rigarsa ta coci, ya hau babur zuwa Kwoi, ya shiga bas zuwa Kafanchan, ya je ya zauna a bencin baya na kulob ɗin. Da yamma ya dawo gida, dangi suka taru. Ya sha ruwa, ya goge baki, ya ce, "Bincike bai ƙare ba."

Laraba ta biyu ya koma. Bincike bai ƙare ba. Ta uku ma haka, ta huɗu ma haka. Ga lokacin tonon citta ya kawo kai, mutumin da ko jana'iza ya je sai ya leƙa gona kafin ya shiga gida, shi ne yake barin garma kowace Laraba ya saka rigar coci. Abin bai tsaya nan ba. Ya fara magana, shi da a da sai a yi mako ba a ji jimla uku daga bakinsa ba. A gona ya gaya wa masu taya shi aiki akwai duniyar da zafinta yake narka dalma, don haka su daina kukan rana. A ƙofar coci ya tare fasto ya ce akwai wata da ake kira Mas, ƙasarta ja ce kamar ta bayan Kwoi, har da alamar busassun koguna, kuma shi a saninsa duk inda kogi ya bi, wani ya taɓa noma fadama a wurin. Fasto ya ce zai sa shi a addu'a.

Ni kuwa ina Kafanchan ina ƙirga kwanaki, ina ɗinka wa mutane hannun riga a baibai. Na tambayi Chigozie me tsohon yake yi a ajinsa. Sai fuskarsa ta washe.

"Roseline, ban taɓa samun ɗalibi irin Baba ba. Tambayar da ya yi mini a kan Mas, sai da na kwana biyu ina duba littafi."

Na ce, "Ka san dai abin da ya kawo shi? Kanka ya zo dubawa."

Ya ce, "Na sani. A bar shi ya duba da kyau."

Na so in jefe shi da almakashi. Mutum ana shirin raba shi da matar aure, shi yana murnar samun ɗalibi. Ranar na tabbatar ina son sa da gaske, don da wani ne da na kore shi daga shagon.

Laraba ta biyar, ɗaya ga Nuwamba, na rufe shago da ƙarfe ɗaya na tafi makarantar da kaina. Ban shiga ba, na tsaya ta bayan taga inda ba a ganina. Ɗalibai sun kai talatin, can a bencin ƙarshe ga Baba Azariya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa saboda ƙanƙantar bencin, hularsa a kan cinya. Chigozie ya ɗaga lemun tsami ya ce wannan ita ce Jupita, babbar cikinsu, amma ba ta da ƙasar da mutum zai taka, iska ce da hadari. Ya ce tana da nata watannin da ke zagaya ta, ba ɗaya ba kamar tamu, kuma ɗaya daga cikinsu ƙanƙara ce ta rufe shi gaba ɗaya, waɗansu masana suna zaton akwai ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba Azariya, wanda in ya yi gyaran murya a gida kowa yake kama kansa, ya ɗaga hannu sama yana jira a ba shi izini.

"Na'am, Baba."

"Ticha, in da ruwa, to da wani abu a ciki. Ko ramin itace ne ruwa ya kwana uku, ka leƙa za ka ga abu yana motsi."

Chigozie ya ce zai yiwu, amma ba wanda ya gani. Ya ce ko a Mas da aka sauke na'ura ta tona ƙasar, ba a sami abu mai rai ba, shi kuma ba zai faɗa musu abin da ba a tabbatar ba. Wata ɗaliba mai kaifin baki da ake kira Emilia ta miƙe ta ce, "Baba, ko da akwai, tsutsa ne kawai. In da mutane ne masu hankali, ai da sun aiko mana da saƙo tun da daɗewa."

Baba ya juya ya dube ta, ba da fushi ba, da irin kallon da yake yi wa gonar da ta yi kyau. Ya ce, "Yarinya, ka san Nok? Wani shekara ina noma, garma na ya bugi abu. Na tona, na ga kan mutum na laka. Ido, hanci, baki, har da gyaran gashi da ya fi naka kyau. Wanda ya yi wannan abu yana da hankali ko ba shi da shi?"

Emilia ta ce yana da shi.

"To kakana bai san su ba. Kakan kakana bai san su ba. Mutane masu hankali sun kwanta a ƙarƙashin gona na, ina taka su kullum, ba su aiko mini da saƙo ko ɗaya ba. Abin da yake ƙarƙashin ƙafa na ban sani ba sai da garma ya gaya mini. Yaya zan rantse a kan abin da yake sama?"

Ajin ya kaure da tafi. Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Na zo ne da fushi cike da ciki, rabi ya zube a wurin, don tun da nake ban taɓa ganin tsohon nan cikin farin ciki irin wannan ba. Amma rabin fushin da ya rage ya ishe ni aiki. Na riga shi zuwa tashar motar Kwoi na zauna ina jira.

Da ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya sayi gyaɗa ya miƙo mini, na ƙi karɓa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, na ji ku ta taga. Wannan ba bincike ba ne."

Ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Ya ce, "Roseline, ka yi haƙuri. Saura huɗu. Akwai mai zobe, ticha ya ce mako mai zuwa ne."

"To ku ba da amsa mana, ku ci gaba da zuwa. Wa zai hana ku?"

Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Ranan da na ce a karɓi kayansu, yaron nan ya zama suruki na. Ka taɓa gani a gidanmu suruki ya zauna a benci, mijin 'yarsa yana tsaye a kansa yana koya masa? Ko ruwa ba zan sha a gabansa ba. Ko ido ba za mu haɗa ba."

Gaskiya ya faɗa, haka gidanmu yake. Na ƙirga Larabobin a yatsa, ta huɗu ta faɗa ashirin da tara ga wata. Na ce, "Baba, Papa Dozie zai shiga jirgi ranar sha takwas. Ya ce in babu amsa kafin nan, maganar ta mutu."

Hannunsa ya tsaya a kan gyaɗar. Ashe babana, don kada a ce an yanka masa lokaci, bai gaya wa kowa ranar ba. Baba Azariya ya ƙulle sauran gyaɗar a bakin rigarsa, ya shiga bas, ya zauna ta taga yana kallon gaba. Na koma shago ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Ranar Lahadi bayan sujada babana ya tara dangi a gidan Baba Azariya, a gindin mangwaro. Maza a kan kujeru, mu mata a baya a kan tabarma, mamata Miriyam tana riƙe da wuyan hannuna don ta san halina. Anti Hellen ta fara. Ta ce ita dai ta faɗa tun farko, yanzu ga shi abin har ya kama wanda aka tura dubawa, in aka bar Roseline ta shiga gidan, jikoki za su fito suna gaisar da taurari. Waɗansu suka yi dariya, ni ban yi ba.

Babana ya gyara tabarau. Ya ce, "Yaya ba ya wuce wuni ɗaya a bincike. Wannan karon mako biyar, ya kasa cewa yaron lafiya yake. Ni a wurina wannan ma amsa ce. Gobe zan aika wa Dozie ya yi haƙuri."

Na yunƙura zan miƙe, mama ta danne ni. Sai Baba Azariya ya tashi tsaye. Babba ba ya tashi don ya yi wa ƙannensa magana, shi ya sa wurin ya yi tsit.

Ya ce, "Yaron nan lafiyansa ƙalau. Tun ranan farko na sani, kafin ya gama gaishe ni. Mai hauka ya san komai. Wannan kuwa in ka tambaye shi abin da bai sani ba, a gaban yara zai ce bai sani ba. Sau huɗu na dawo na ce muku bincike bai ƙare ba, na biyar ma haka. Ƙarya na yi."

Anti Hellen ta dafe ƙirji. Dattijo irin Baba Azariya ya ce ya yi ƙarya a gaban mata da yara, ba ƙaramin abu ba ne, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Babana ya ce, "Yaya, don me?"

"Meshak, ka tuna shekaran da mishan suka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya? Babanmu ya taɓa hannu na, ya taɓa naka, ya ce nawa na garma ne. Ni nake ɗaukan ka a wuya in ƙetare rafi da kai in ruwa ya cika. In na sauke ka ba na komawa nan da nan. Ina tsayawa a bayan ɗakin ina ji kuna amsawa, sai malam ya leƙo in gudu. Ban yi fushi ba, ka yi karatu ka riƙe gidanmu da shi. Amma ban taɓa zama a benci ba sai wannan wata da ya wuce. Na zauna, na ɗaga hannu, aka ce na'am Baba." Ya dubi babana. "Na so in ji duka taran kafin ya zama suruki na. Ban san ina cin kwanakin yarinyan nan ba. Ku karɓi kayansu. Huɗu da ya rage, na bar su."

Ya zauna. Ni da na zo da shirin faɗa sai ga ni ina kuka, murna da tausayi sun haɗe mini, ban san wanne ya fi yawa ba. Babana ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Shekara talatin yana koyar da 'ya'yan mutane, bai taɓa tambayar yayansa ko yana son sanin abin da ke cikin littafin ba, kuma na ga wannan tunanin yana ratsa fuskarsa.

Ya kira Celestine, ɗan Anti Hellen mai babur, ya ce ya tafi Kafanchan yanzu ya gaya wa Dozie su zo ranar Asabar da kayansu. Celestine ya tayar da babur. Babana ya juyo ga yayansa ya ce, "Yaya, yau Lahadi. Sai Asabar za su zo."

"Na ji."

"Tsakanin Lahadi da Asabar akwai Laraba ɗaya. Har ranar nan ticha ne, ba suruki ba. Ni zan kai ka."

Haka aka yi. Ranar Laraba na rufe shago na je, wannan karon ta ƙofa na shiga. Tsofaffi biyu suka iso a kan tsohon babur ɗin babana, ƙanen a gaba yayan a baya ya rungume shi, duk sun yi fari da ƙurar hanya. Suka matse a bencin ƙarshe. Chigozie, da saƙon Celestine ya sa shi kwana uku yana murmushi kamar wawa, ya roƙi ɗalibai su ƙara masa lokaci, ya haɗa duniyoyi huɗun a zama ɗaya, mai zobe da mai juyawa a kishingiɗe da shuɗiyar da kumbo ya gani da ƙaramar ta ƙarshe. Baba Azariya ya yi tambaya ta kai ashirin. Babana ya ciro biro yana rubuta masa amsoshin a bayan takardar sanarwar coci, in ya yi jinkiri yayan ya zungure shi da gwiwar hannu. A ƙarshe Baba ya ce, "To ticha, duka tara mun gama. Akwai mutane ko babu?" Chigozie ya ce har yanzu ba a ga kowa ba, kuma ba a gama dubawa ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce ai gona tara ba a gama tonon ta a damina ɗaya. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya riƙe hannun ya daɗe yana kallon fuskarsa sosai, kallon da ba zai sake yi masa ba.

Ranar Asabar da hantsi motar su Papa Dozie ta tsaya a ƙofar gidanmu, da akuya da gishiri da zannuwa da goro. Matan Zumunta na cocinmu suka fito da tukwanen kiɗa, Anti Hellen ce a gaba tana guɗa, ta ce ita dama tun farko ta ga yaron yana da natsuwa. Chigozie ya durƙusa a gefe, kansa a ƙasa. Baba Azariya ya zauna a kujerarsa ya juya masa kafaɗa yadda suruki yake yi, ya kama hannuna ya sa a hannun Papa Dozie.

Ya ce, "Dozie, mako shida ina neman mutane masu hankali a sama, yaronka ya ce ba a gan su ba tukuna. Amma a bayan tashan Kafanchan na samu gida ɗaya. Ga 'yarku."

Papa Dozie ya yi dariya har da hawaye, ya miƙe ya rungume tsohon, Mama Uzoamaka ta ja ni jikinta tana kiran sunana da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. Ni kuwa na yi ta rawa da zanen da na ɗinka wa kaina tun watan Satumba na ɓoye a ƙasan akwati, har sai da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.